Gardamar asali: abin da ya sa masoya Superman da Spider-Man ba sa gama ja-in-ja

Da wuya a ce ba ku taɓa ganin hoton Spider-Man ko Superman a rigar yaro ko a jakar ɗan lakwal ba. Da yawa a finafinai suka san su, amma asalinsu littattafan zane ne, irin waɗanda ƴan boko ke kira BD, waɗanda kamfanoni biyu na Amurka, DC da Marvel, ke bugawa wata-wata. A can ƙasar akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu karanta su: shin kamfani na da damar sauya asalin jarumi bayan jama'a sun riga sun haddace shi? Ga bayanin inda maganar ta samo tushe.

Tushen matsalar

Superman ya fara fitowa a 1938, a lamba ta farko ta mujallar Action Comics. Wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙirƙiro shi, suka sayar wa kamfani a kan dalar Amurka 130. Tun daga nan jarumin ya zama dukiyar kamfani. Marubuci ya zo ya yi nasa ya tafi, wani ya ɗora. Haka Batman, wanda ya fito a 1939, haka Spider-Man, wanda ya fito a 1962.

To, kamfanonin sun ɗauki alkawari biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Na farko, duk abin da aka buga ya faru ne a duniya guda, labarin jiya na da tasiri a kan na yau. Na biyu, jarumi ba ya tsufa. Yaron da ya fara karanta Batman a 1960 yau yana da jikoki, shi kuwa Batman har yanzu majiyi ƙarfi ne. Idan aka tara labarin shekara 80 a kan mutum ɗaya, dole wani wuri ya ci karo da wani.

A gatanar Gizo ba mu da wannan damuwa. Yau Gizo ya mutu a bakin wata kaka, gobe ya tashi a bakin wata, ba mai tambaya. Su kuwa waɗannan labarai a rubuce suke, kowace fitowa da lambarta da shekararta, kuma da kuɗi aka saye ta. Mai gardama sai ya ɗauko tsohuwar mujalla ya buɗe maka shafi.

Kalmomi uku da ake yawan ji

Ta farko ita ce zaren labari, wato yadda abubuwan da suka faru ke bin juna ba tare da saɓani ba. Ta biyu gyaran baya, abin da masu karatu ke kira retkon: sabon marubuci ya ce abin da kuka karanta shekarun baya ba haka ya faru ba, ko akwai wani sirri da ba a faɗa muku ba. Ta uku sake lale: a share komai a faro daga lamba ta 1.

Gyaran ya soma tun jaruman suna sabbi. Superman na 1938 ba ya tashi sama, tsalle yake yi na kusan mita 200. A labarin farko wani mai mota ne ya tsince shi yana jariri ya kai shi gidan marayu. Sai a 1939 aka nuna iyalin Kent sun ɗauke shi riƙo. Dutsen kiriftonait ma, wanda ke kashe masa ƙarfi, a wasan kwaikwayo na rediyo aka fara jin sa a 1943, bai shiga mujalla ba sai 1949. A wancan zamani yara ne galibin masu karatu, suna girma su bari, wasu su zo. Gardama ta yi ƙarfi ne daga shekarun 1960, lokacin da aka samu masu karatun da suka girma ba su bari ba, suna ajiye mujallu, suna aika wasiƙu. Marvel har wata kyauta ta raha ta ƙirƙiro: wanda ya gano saɓani a labari kuma ya kawo bayanin da zai ɗinke shi, sai a aiko masa ambulan babu komai a ciki.

Dabarar DC da ta Marvel

DC ta fara da raba duniya. A 1961, a mujallar The Flash lamba ta 123, sabon Flash ya haɗu da tsohon Flash na 1940, aka ce kowanne da tasa duniyar. Duniyoyin suka yi ta ƙaruwa har sabon mai karatu ya rasa ta ina zai kama. Sai a 1985 zuwa 1986 Marv Wolfman da George Pérez suka yi Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, aka rushe duniyoyin aka bar guda. Supergirl ta mutu a ciki, Flash Barry Allen ma haka. John Byrne ya sake rubuta asalin Superman a 1986: iyayen riƙonsa suna raye har ya girma, kuma bai taɓa yin jarumta yana yaro ba. Nan aka toshe rami aka buɗe wani, don akwai wata ƙungiyar jarumai, Legion of Super-Heroes, wadda labarinta ya dogara a kan wannan yarintar da aka share. A Satumban 2011 DC ta sake lale, mujallu 52 duka daga lamba ta 1. Auren Superman da Lois Lane, wanda aka ɗaura a 1996, ya ɓace. A 2016 aka dawo da su a matsayin mata da miji, har da ɗa.

Marvel ba ta cika rushe gida ba, ita kalanda take ja a hankali. Iron Man ya samu raunin da ya sa ya ƙera rigar ƙarfe a yaƙin Biyetnam, a labarin 1963. Da shekaru suka ja, aka mai da wurin Afganistan, kuma haka fim ɗin 2008 ya nuna. Labarin bai canza ba, yaƙin ne aka canza don kada jarumi ya zama tsoho tukuf.

Canje-canjen da suka tada ƙura

Robin na biyu, Jason Todd, da farko ɗan masu wasan tsalle-tsalle ne. A 1987 aka mai da shi yaron titi da Batman ya kama yana kwance tayoyin motarsa. Wasu masu karatu ba su so sabon halinsa ba. A 1988 DC ta buɗe layin tarho biyu aka yi ƙuri'a: kira 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Da ratar 72 aka kashe shi. A 2005 ya dawo da ransa.

A 1994 aka haukatar da Green Lantern Hal Jordan, ya kashe abokan aikinsa, aka naɗa wani a gurbinsa. Masoyansa suka kafa ƙungiya suna matsa wa kamfani lamba. Bayan shekara 10 marubuci Geoff Johns ya wanke shi, ya ce wata muguwar halitta ce ta shige shi, kamar dai a ce iskoki ne suka hau shi.

Spider-Man ya auri Mary Jane a 1987. Joe Quesada, wanda ya zama babban editan Marvel daga baya, yana ganin aure na tsufar da jarumin. A labarin One More Day na 2007 aka sa shi ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani, Mephisto, a share auren daga tarihi don a ceci ran Anti May da ta rene shi. Abu biyu ya ƙona ran masu karatu: zaman aure na shekara 20 ya zama kamar ba a yi ba, kuma jarumin da aka sani da ɗaukar nauyin aikinsa ya nemi mafita wurin shaiɗani. Har yau ba a daina wannan magana ba.

Barbara Gordon, wato Batgirl, an harbe ta a labarin 1988, ƙafafunta suka daina aiki. Ta koma Oracle, gwanar kwamfuta da ke taimaka wa jarumai daga kan keken guragu. Da aka miƙar da ita a 2011, masu karatu da yawa, musamman naƙasassu, sun ce an raba su da jarumar da ta yi kama da su.

A 2016 aka nuna Captain America wai ɗan leƙen asirin Hydra ne, ƙungiyar da labaran suka daɗe suna haɗawa da ƴan Nazi. Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda suka ƙirƙiro shi a 1941 yana naushin Hitler a bangon mujalla, Yahudawa ne, shi ya sa wasu suka ɗauki abin cin fuska. Abin ya kai har ana yi wa marubucin, Nick Spencer, barazanar kisa. Daga baya labarin ya bayyana cewa wani tsafi ne ya jirkita tarihinsa, kuma na ainihin ya dawo a 2017.

Jaruman Afirka ma bai bar su ba. A labarin 1980 Storm, wadda uwarta ƴar Kenya ce kuma ta tashi a Alƙahira, ita ta ceci Black Panther suna yara. Da za a haɗa su aure a 2006, aka sake labarin ya zama shi ya cece ta. Masoyanta suka ce an rage mata daraja. Auren ma an warware shi a 2012.

Ba kowane gyara ake ƙi ba

A 1964 Marvel ta ce Captain America ya daskare cikin ƙanƙara tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu. To wane ne wanda aka buga labaransa a shekarun 1950? A 1972 Steve Englehart ya amsa: wani ne ya kwaikwaye shi. Masu karatu suka karɓa, don ba a share komai ba, bayani aka ƙara. Haka da Ed Brubaker ya dawo da abokinsa Bucky a 2005 da sunan Winter Soldier. An yi ta tsoron abin, sai ga shi ya zama cikin labaran da aka fi yabo, har aka yi fim a kai a 2014. A nan ake gane inda gizo ke saƙa: gyaran da ya ɗora a kan abin da mai karatu ya sani ya fi samun karɓuwa a kan wanda ya ce masa ya manta.

Hujjar kowane ɓangare

Masu tsaron zare suna cewa: mun sa kuɗi da shekaru, idan mutuwa da aure da tuba duk ana iya share su gobe, me zai sa mu damu da labarin yau? Masu son canji suna cewa: yaro ɗan shekara 12 ba zai karanta mujallu dubu kafin ya gane labari ba, kuma jaruman farko kusan duka fararen fata ne maza, dole a buɗe ƙofa. Suna kafa hujja da Miles Morales, Spider-Man baƙar fata da ya fito a 2011, wanda aka yi ta suka da farko, yanzu kuma yana da finafinansa.

Akwai kuma maganar kasuwa. Mujalla mai lamba ta 1 ta fi sayuwa, mutuwar jarumi na jawo ƴan jarida. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan dala kusan miliyar 4, kuma tun daga nan masu karatu ke zargin cewa ana gyara mujallu ne don su dace da finafinai.

Saboda haka idan kuka ji yara a gida ko a ƙetare suna musu a kan wanda ya kashe iyayen Batman, kada ku yi saurin ƙaryata ɗaya. Mujallar 1948 ta ce wani ɗan fashi ne, Joe Chill. Fim ɗin 1989 ya ce Joker ne. Tambayar da ke raba gardamar ita ce: na wace shekara, kuma wa ya rubuta?