Mai Walda da Jitarsa: Shekaru 16 da Ake Tsallakewa a Tarihin Wes Montgomery

A shekarar 1959, mashahurin mabushin saksofon Cannonball Adderley ya je birnin Indiyanapolis na ƙasar Amurka domin yin wasa. Da aka tashi, sai ya zarce wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa mai suna Missile Room, irin wuraren nan da ba su cika sai bayan sauran sun rufe. A can ya tarar da wani magidanci ɗan shekara 36 yana kaɗa jita da babban yatsansa, kiɗan da Adderley bai taɓa jin irinsa ba. Yana komawa New York ya nufi wurin Orrin Keepnews na kamfanin faifai na Riverside, ya matsa masa lamba ya je ya ji da kunnensa. Kafin shekarar ta ƙare, an ɗauki faifan farko na wannan magidanci a kamfanin. Sunansa Wes Montgomery, kuma a yau da wuya a lissafa manyan makaɗan jita na kiɗan jaz ba a sa shi a sahun gaba ba.

Yawanci daga wannan daren ake fara ba da labarinsa, kamar wanda aka tsinta a kan hanya. Amma tsakanin ranar da ya sayi jitarsa mai tsirkiya shida a 1943 da ranar da Adderley ya ji shi akwai shekaru 16. A mafi yawansu ma'aikaci ne mai iyali, wanda yake fita neman abinci da safe kamar kowa. Ga duk wanda ya girma, ya yi aure, ya kama aiki, sannan sha'awar koyon kayan kiɗa ta kama shi, waɗannan shekarun su ne ainihin labarin.

Faifai ɗaya, minti uku

An haifi John Leslie Montgomery a Indiyanapolis ranar 6 ga Maris 1923. Yana yaro, lokacin da suke zaune a birnin Columbus na jihar Ohio, yayansa Monk ya saya masa wata ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. Ya yi ta wasa da ita, amma shi da bakinsa ya nuna daga baya cewa da ya riƙi mai tsirkiya shida, sabon karatu ya fara. Saboda haka ba za a ce ya shigo da hannu wofi ba. Kunnensa ya riga ya saba da kiɗa, kuma gidansu gidan makaɗa ne, domin Monk da ƙaninsu Buddy duk sun yi suna a harkar. Sai dai koyo na haƙiƙa ya fara shi ne yana dab da shekara 20, yana sabon ango, yana aikin walda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya tayar masa da tsimi shi ne faifan Charlie Christian. Christian matashi ne da ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya nuna wa duniya cewa jita mai amfani da lantarki za ta iya fitowa gaba ta yi magana kamar kayan busa, maimakon ta maƙale a baya tana riƙe wa wasu amo. Tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25. Wato lokacin da Montgomery ya zaɓe shi a matsayin malami, malamin ya riga ya kwanta dama. Abin da ya rage kawai faya-fayan garmaho ne.

A nan akwai abin lura game da fasahar wancan zamani. Faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowane gefe, kuma a cikin minti ukun nan, wurin da mai jita yake yin nasa salon shi kaɗai sau da yawa bai kai minti ɗaya ba. Montgomery ba shi da malami, bai kuma iya karanta rubutun kiɗa ba, har ƙarshen rayuwarsa. Abin da yake yi shi ne ya ɗora allura, ya saurari ɗan guntu, ya laluba shi a kan tsirkiya, ya ɗaga allura ya mayar baya, ya sake saurara. Idan ya dawo daga aiki, ba ya tambayar kansa me zai koya yau. Aikin yana nan yana jiransa daidai inda ya tsaya jiya, kuma alƙalinsa yana cikin faifan: ko dai abin da ya kaɗa ya yi daidai da na Christian, ko bai yi ba.

Mai koyo na yau yana da abin da Montgomery bai taɓa mafarkinsa ba, dubban darussa a YouTube, kowanne da malaminsa da hanyarsa. Amma yawan zaɓi yana da nasa haraji. Wanda ya dawo gida a gajiye yana da minti 20 kacal, idan ya kashe 15 wajen neman darasin da ya dace, ya ci lokacinsa da kansa. Ƙarancin kayan aiki ya raba Montgomery da wannan matsala. Cikin abin da bai wuce shekara ɗaya ba, ya haddace salon Christian har aka fara ɗaukarsa a gidajen kiɗa na garinsu domin ya riƙa kaɗa shi kamar yadda yake a faifai.

Yatsa da maƙwabta

Masu jita na jaz kusan dukkansu suna kaɗa tsirkiya ne da wani ɗan abu mai tauri da ake riƙewa tsakanin yatsu biyu, domin yana ba da sauri da kaifin sauti. Montgomery ma ya gwada shi. Matsalar ita ce lokacin da yake da shi na koyo dare ne, kuma jitarsa tana haɗe da na'urar ƙara sauti, ga iyali a ɗaki, ga maƙwabta a bayan bango. Bisa labarin da ya shahara daga gare shi, ƙorafin da ake yi kan ƙarar ne ya sa ya ajiye wannan ɗan abu ya koma shafa tsirkiya da tsokar babban yatsansa, domin sautin ya fi laushi.

Ya iya cewa sai ya sami gidan kansa, ko sai yara sun girma. Maimakon haka ya yi sulhu da halin da yake ciki, ya rage sauti ya ci gaba. Wannan sulhun ne ya zama tambarinsa. Sautin nan mai kauri da ɗumi, wanda ake gane Montgomery da shi tun daga bugun farko, asalinsa neman zaman lafiya da maƙwabta ne. A kan wannan yatsa ya gina salonsa na kaɗa sauti ɗaya da murya biyu a lokaci guda, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kamar namiji da mace suna rera waƙa tare. Wasu sun yi hakan kafinsa, ciki har da Django Reinhardt, amma babu wanda ya mai da shi harshe cikakke kamarsa. Ya taɓa bayyana cewa da farko wannan salo har ciwon kai yake sa shi, sai da yau da gobe ta sa ya daina ji.

Komawa gida

A 1948 Lionel Hampton, ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙungiyoyin kiɗa na lokacin, ya ratsa Indiyanapolis yana neman mai jita, ya ɗauki Montgomery. Ya yi kimanin shekara biyu yana yawo da su. Ga matashi baƙar fata a Amurkar wancan zamani, wannan babbar ƙofa ce. Duk da haka a 1950 ya tattara ya koma gida wurin matarsa da 'ya'yansa, waɗanda a ƙarshe suka kai bakwai.

Abin da ya koma ya tarar shi ne unguwar Indiana Avenue, cibiyar rayuwar baƙar fata a birnin a zamanin wariyar launin fata, mai cike da gidajen kiɗa. Daga wannan birni ne J.J. Johnson da Freddie Hubbard suka fito. Muhimmancin wannan ga mai koyo ba ƙarami ba ne. Duk abin da Montgomery ya laluba shi kaɗai a ɗaki, yana da inda zai kai shi gaban jama'a a gwada, tare da makaɗan da ba za su yi masa kara ba idan ya yi kuskure. Wanda ya san ranar Juma'a zai tsaya gaban mutane ba ya bukatar a tuna masa ya ɗauki jita ranar Talata.

Masu rubuta tarihinsa sun kawo yadda ranarsa take a ƙarshen shekarun 1950: aikin masana'anta daga safe zuwa wajen ƙarfe uku na rana, sannan kiɗa a wani gida mai suna Turf daga tara na dare zuwa biyu, daga nan ya wuce Missile Room har gab da asuba. Haka yake a lokacin da Adderley ya shigo. A watan Janairu 1960 ya ɗauki faifan The Incredible Jazz Guitar of Wes Montgomery, wanda har yanzu ɗaliban jita suke zama a gabansa suna mayar da shi baya, kamar yadda shi ya yi wa na Christian. A 1965 aka ɗauki Smokin' at the Half Note tare da Wynton Kelly. Daga baya ya koma yin faya-fayan da suka fi shiga kasuwa, ya ci kyautar Grammy da Goin' Out of My Head, masu sharhi suka yi ta gunagunin ya sassauta, shi kuwa a karon farko kiɗa ya ɗauki nauyin gidansa sosai.

Bai daɗe yana cin moriyar ba. Ranar 15 ga Yuni 1968 ciwon zuciya ya kashe shi a gidansa a Indiyanapolis, yana da shekara 45. Shahararsa gaba ɗaya ba ta kai shekara tara ba.

Abin ɗauka da abin bari

Akwai masu karanta wannan tarihi su fito da darasin cewa mai son gwaninta sai ya haƙura da barci. Wannan karatu ne mai hatsari. Montgomery bai zaɓi aiki uku a rana don horar da kansa ba. Bakuna da yawa ne suke jiransa a gida, a ƙasar da ba ta biyan makaɗi baƙar fata abin kirki. Talauci da wariya ne suka tsara masa wannan jadawali, kuma babu dalilin da zai sa likita ko lauya ko ma'aikacin banki da ya sayi jita yana ɗan shekara 40 ya kwaikwayi wahalar. Haka kuma ba kowa ne zai zama Wes Montgomery ba, ko da ya kwana yana kaɗawa. Baiwa gaskiya ce.

Abin da ake iya ɗauka ya fi wannan sauƙi, yana kuma cikin shekararsa ta farko tun kafin kowa ya san shi. Ya riƙe malami ɗaya da aiki ɗan ƙarami wanda ake iya gane an yi shi ko ba a yi ba. Ya karɓi lokacin da rayuwa ta bar masa, bai jira wanda ya fi shi ba. Da koyonsa ya fara takura wa mutanen gida, sai ya canja yadda yake koyo, domin al'adar da take jawo faɗa kullum ba ta daɗewa. Sannan ya nemi inda za a saurare shi.

Hausawa suna da karin magana biyu da suke jan mai koyo babba ta fuska biyu. Ɗaya ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗayar ta ce gemu ba ya hana ilimi. Ta farkon tana da gaskiyarta: yatsun yaro sun fi laushi, kuma ba ya tunanin kuɗin haya. Amma abin da ya fi kayar da babba ba taurin yatsa ba ne, jiran ranar da zai sami sarari ne, ranar da ba ta zuwa. Montgomery bai sami sarari ba sai yana da shekara 36, kuma ya same shi ne saboda shekaru 16 da ya yi yana kaɗawa a cikin rashinsa, da sauti ƙasa-ƙasa, don kada ya tashi masu barci.