Dalmar Da Ke Bakin Fulogin Ƙaramin Jirgi

Duk bakaniken da ya taɓa kwance fulogin ƙaramin jirgin sama mai farfela ya san 'yan ƙwallayen nan masu launin toka da ke taruwa a bakinsa. Dalma ce. Mutanen Dareta ba sa bukatar a gaya musu ko mece ce ita. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na mutuwa a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da wasu ƙauyuka, aka gano cewa ƙurar dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje ce ke ɗauke da gubar. Kimanin yara 400 aka rasa. Tasu dalmar daga ƙasa ta fito, ba daga jirgi ba. Amma ƙarfen ɗaya ne, shi ya sa labarin yadda ya shiga injin jirgi ya tsaya mini a rai.

Injin fetur ba ya aiki sai da tartsatsi. A 1902 injiniya Gottlob Honold na kamfanin Bosch a Jamus ya ƙera magneto mai ƙarfin wuta, na'urar da ke samar da lantarkinta da kanta muddin inji na juyawa. Masu jiragen sama suka rungume ta, don ko batir ya mutu a sararin sama inji ba zai tsaya ba. Ba kowa ne ya bi ta ba: jirage uku samfurin DH.9A da Arthur Coningham ya jagoranta daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, injinsu na Liberty da batir da kwayil yake kunnawa. Sai dai magneto ce ta yi rinjaye, har ya zama ƙa'ida a ɗaura guda biyu, kowace silinda kuma da fulogi biyu.

Dalma ta shigo a 1921, lokacin da Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗan sinadarinta cikin fetur na hana inji ƙwanƙwasa. Motoci sun sha wannan fetur mai dalma shekaru da yawa, sai a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa an daina sayar da shi, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Man ƙananan jirage, shuɗin nan mai suna 100LL, har yau da dalmarsa, kusan rabin giram a kowace lita.

Dalmar ce kuma ke yawan jawo cikas kafin tashi. Matuƙi kan tsaya a bakin titin jirgi, ya ɗaga wuta, ya kashe magneto ɗaya ya saurara, sannan ya koma ɗayar. Idan inji ya soma kakkarwa, sau da yawa fulogin ƙasa ne dalma ta toshe. Yakan rage mai don zafi ya ƙone dattin. In bai washe ba, jirgin ya koma hannun bakanike ke nan.

Na'urar kunnawa ta lantarki, 'yar'uwar CDI ɗin da ke jikin babur ɗin ɗan kabu-kabu, ta zo da tartsatsi mai ƙarfi, tana kuma sauya lokacin kunnawa gwargwadon gudun inji. Amma yawancin irin waɗannan na'urori sun dogara da wutar jirgi, don haka bin diddigin matsalarsu daga batir ake farawa, sai wayar da ke haɗe da jikin inji, wadda tsatsa ko sakwarkwacewa kan lalata. Idan silinda ɗaya ce ke fashi, a duba fulogi da wayarsa da kwayil. Idan na'urar gaba ɗaya ta yi shiru, zargi na kan wuta ko sensar da ke lura da juyawar inji. Ina ganin kuskure ne babba a yi gaggawar sauya akwatin na'urar mai tsada alhali ba a kwance fulogi an duba ba. Saboda wannan dogaro da batir ne ma mutane da yawa ke barin magneto ɗaya a gefe guda.

Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico masu shan man nan mai dalma, ga shi kuma da tsada da wuyar samu a Nijeriya. Daga baya ta sayo jiragen Diamond masu injin dizal, waɗanda ke shan Jet A-1. Su ba ruwansu da tartsatsi, matsin iska ne ke kunna mansu, kuma babu dalma a cikinsa. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa, hukumar FAA ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son raba man jirage da dalma.