Na'urar da Ba Ta Cin Batir: Daga Leƙen Asiri Zuwa Katin Banki

A watan Agustan 1945 wasu yara 'yan ƙungiyar matasan Tarayyar Sobiyet suka kai wa jakadan Amurka a Mosko, Averell Harriman, kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da katako. Aka rataye shi a gidan jakadan. Shekara bakwai tambarin nan yana kwashe zancen ɗakin, sai a 1952 asiri ya tonu.

Abin da ya ɗaure wa Amurkawa kai shi ne, na'urar da ke ciki ba batir, ba wayar lantarki. Ɗan ƙoƙon ƙarfe ne mai marfi siriri ƙwarai, da 'yar sanda a jikinsa. Leon Theremin ne ya ƙera ta. Daga waje ake auna ta da igiyar rediyo. Muryar masu magana ta girgiza marfin, igiyar ta koma ɗauke da maganar. Da an daina aunawa sai ta yi tsit, shi ya sa masu bincike suka daɗe suna wuce ta.

Dabarar, wadda har gobe take burge ni, ita ce na'urar ba ta haifar da nata saƙon. Kamar yaro ne da madubi a rana: hasken ba nasa ba ne, juyawar ce tasa.

A 1948 Harry Stockman ya rubuta maƙala kan sadarwa ta wannan hanya, amma kayan aikin zamanin ba su kai ba. Sai a 1973 Mario Cardullo ya sami lasisin mallakar wata na'ura irin wannan mai iya adana bayani, kakar fasahar gano kaya da igiyar rediyo, wato RFID, ke nan. A 2002 Sony da Philips suka haɗa kai kan NFC, fasahar sadarwa tsakanin na'urori na kusa-kusa. Katin bankin da ake karawa a jikin POS jikan wannan aiki ne: akwai siririn zaren ƙarfe naɗe cikin robar, shi ke tsotso wuta daga na'urar mai karantawa.

Daga nan aka shiga farautar wuta ko'ina. Kamfanin EnOcean na Jamus, wanda ya fito daga Siemens a 2001, ya yi makunnin fitila da danna shi kaɗai ke ba shi ƙarfin aika saƙo. A 2017 masu bincike a Jami'ar Washington suka nuna wayar salula marar batir, mai rayuwa da haske da igiyar rediyo. Sai dai dole ta tsaya 'yan mitoci kusa da tashar da ke karɓar saƙonta, don wutar da ke yawo a iska 'yar mitsitsiya ce, kuma yawancin gumin injiniyoyi yanzu kan rage cin wutar na'urar yake tafiya.