Akwatin Shayi Na Unguwar Hajara: Sawun Wani Soja Daga Damagaram Zuwa Sabha

Da shugabanni suka ce a kawo wani abu na tarihi a wannan fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiya, mun ɗauka labarin ayari da fatauci za mu rubuta. Sai wani dattijo daga cikin membobinmu na unguwar Hajara ya shigo ofis da tsohon akwatin shayi na kwano, ya aje a kan tebur, ya ce: "Ɗana, ku kuka yi boko. Ku duba mini takardun mahaifina. Yaran gidana dariya suke mini in na ce kakansu ya riga ni shigowa Sabha, kuma da bindiga a kafaɗa." Muka ce, "To Baba Alhaji, mu gani." Ya nemi a sakaya sunan gidansu, mun kuwa sakaya.

Abu huɗu ne a cikin akwatin: littafin soja da Faransanci wanda gara ta ci gefensa, hoto guda, takardar karɓar fansho, da lambar yabo mai ɗan ƙarfe a jikin ƙyallenta.

Labarin da ake bayarwa a gidan shi ne, tsohon ya yi yaƙin Kufra, ya ci Sabha, ya je har birnin Paris. Daga cikin ukun nan, guda ɗaya kawai takardun suka tabbatar.

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne wurin da aka ɗauke shi soja. Mutumin Damagaram ne, amma littafin ya ce Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Alhaji ya ce fataucin goro da tufa ne ya kai mahaifinsa can tun yana saurayi. Wannan ya dace da yadda ƙasa take a lokacin. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni 1940, Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka na Faransa sun ci gaba da bin gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942. Cadi kuwa, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, wanda shi ma baƙar fata ne ɗan Guyane, ta bi Janar de Gaulle tun ranar 26 ga Agusta 1940. Da tsohon ya zauna gida Damagaram, da ba za a sa shi cikin wannan tafiya ba. Rundunar da ya shiga Faransawa na kiranta ta 'yan Sanagal na Cadi, alhali mafi yawan mutanenta 'yan Cadi ne, musamman Sara na kudu, sai kuma na Kamaru da maƙwabta. Duk baƙin soja a wurinsu ɗan Sanagal ne.

Maganar Kufra ta faɗi tun a shafin farko. Kanar Leclerc ya karɓi Kufra daga hannun Italiyawa ranar 1 ga Maris 1941 da mutum wajen 400, mafi yawansu 'yan Afirka, kuma a can ya yi rantsuwar nan tasa cewa ba za su aje makami ba sai tutar Faransa ta hau bisa cocin Strasbourg. Littafin ya nuna sai bayan watanni da yin haka aka ɗauki tsohon. Lambar yabon ma ta ba da shaida. Irin wannan lamba ta sojojin mulkin mallaka ana liƙa mata ƙarfe mai sunan yaƙin da mutum ya halarta, kuma akwai mai "Koufra". Tasa "Fezzan-Tripolitaine" aka rubuta. A ganinmu ba ƙarya tsohon ya yi ba. Ya zauna bariki ɗaya da waɗanda suka je Kufra, ya riƙa ba da labarinsu da dare, yara suka haɗa nasa da nasu.

Amma batun Sabha gaskiya ne, kuma a nan muke so 'yan'uwa direbobi su buɗe kunne, don rabin hanyar tasu ce. A watan Disamba 1942 rundunar ta taso daga duwatsun Tibesti ta shigo Fazzan ta kudu. Ummul Aranib ta faɗi a farkon Janairu 1943, Gatrun ta biyo baya, aka shiga Sabha ranar 12 ga wata, Murzuk kuma washegari. Wanda ya taɓa kwana a Gatrun cikin hunturu ya san irin sanyin da ake magana, balle a bayan buɗaɗɗiyar mota. Mu da muke da Hilux da Thuraya, yaya muke ƙarewa in taya biyu suka fashe tsakanin Madama da Tummo? Su tun daga Fort-Lamy suke jan man fetur da ruwa da harsashi, a motoci da raƙuma, ba kwalta ko taku ɗaya. Daga Sabha suka bi ta Mizda, suka iske sojojin Ingila na Montgomery a Turabulus, waɗanda suka shiga garin ranar 23 ga Janairu. Tafiyar ta haura kilomita 2,000.

Ganuwar nan da ke bisa tudu kusa da filin jirgi, wadda hotonta ke bayan tsohuwar takardar dinari 10, Italiyawa suka gina ta, suna kiranta Elena. Faransawa suka mayar da sunanta Fort Leclerc, suka mulki Fazzan daga 1943 har Libiya ta sami 'yanci ranar 24 ga Disamba 1951, sojojinsu kuma ba su fita ba sai 1956. Alhaji ya ce shekara talatin yana wuce ta da kaya, bai taɓa kawowa a ransa cewa mai yiwuwa mahaifinsa ya yi gadi a ƙofarta ba.

Paris kuwa, tsohon bai gan ta ba, kuma ba don ya gaza ba. Bayan sun yi yaƙi a Tunisiya, inda suka tare motocin Jamus a Ksar Ghilane a watan Maris 1943, aka mayar da rundunar Leclerc ta tankokin yaƙi a Maroko, da kayan Amurka. A nan aka cire baƙaƙen sojoji daga cikinta, aka cike gurbinsu da fararen fata. Waɗanda suka ratsa hamada aka rarraba su wasu rundunoni ko aka mayar da su gida. Rundunar ta shiga Paris a watan Agusta 1944, ta shiga Strasbourg ranar 23 ga Nuwamba, rantsuwar Kufra ta cika babu mafi yawan waɗanda aka yi ta a gabansu. Da muka karanta wa Alhaji wannan, ya yi shiru, can ya ce dama bai taɓa jin mahaifin nasa ya faɗi Paris da bakinsa ba, a bakin baffanninsa yake ji.

Takardar fansho ita ce ta fi ba da takaici. A watan Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da suka sami 'yanci, ya tsaya cak a inda yake, na takwarorinsu Faransawa kuma yana ta hawa. A 2006, bayan fitowar fim ɗin Indigènes, gwamnatin Jacques Chirac ta gyara wani ɓangare, aka ƙarasa daidaitawa daga Janairu 2011 bayan hukuncin majalisar tsarin mulki. Tsohon ya daɗe da rasuwa kafin nan.

Ga masu irin wannan akwati a gida, ga abin da muka koya. Kada a nemi mutum da sunansa kaɗai. Magatakardan bariki suna rubuta abin da kunnensu ya ji ne, Muhammadu ya koma Mahamane ko Mamane ko Mamadou, ranar haihuwa kuma sai su sa "vers", wato wajen shekara kaza. Lambar soja da wurin ɗauka su ne madogara. Fayilolin tsofaffin sojojin mulkin mallakar Faransa suna ma'ajiyar sojoji ta garin Pau, ana rubuta musu wasiƙa. Akwai kuma shafin intanet na Mémoire des hommes mai sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi. 'Yan'uwanmu na Kano da Katsina da Zariya, waɗanda iyayensu suka yi Habasha da Bama a rundunar Ingila, su duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth. Tana da maƙabartu a Turabulus da Bangazi da Tubruk, da bangon tunawa kusa da Rangun mai suna wajen 27,000.

Akwai abu ɗaya da ya rage. A hoton nan mutum biyu ne. Na biyun, in ji Alhaji, aminin mahaifinsa ne, Bakatsine, wanda zazzaɓi ya kashe a hanya kafin su iso Sabha, aka binne shi a rairayi aka ɗora duwatsu. Kanar d'Ornano da aka kashe a harin Murzuk a Janairu 1941, sunansa na cikin littattafai da bisa allunan tituna. Wannan bawan Allah kuwa laƙabinsa kawai aka riƙe a gidan, babu lamba. Mun gwada laƙabin da rubutu iri shida a Mémoire des hommes, bai fito ba.

Mun ɗauki hoton kowane shafi na littafin, mun aje kwafi a ofis, mun tura wa dangi na Damagaram ta WhatsApp, wasiƙar Pau kuma mun ba wani ɗan'uwa mai zuwa Yamai ya saka a gidan waya. Alhaji ya ce ranar 12 ga Janairu mai zuwa, in Allah ya kai mu kuma gari na lafiya, zai kwashi yaran gidansa zuwa gindin ganuwar a yi wa mutum biyun nan Fatiha. Mai son zuwa ya ba da sunansa a ofis, don a san yawan motocin da za a tanada.