Kishi Iri Biyu: Abin da Tarihin Zango Ya Koya Mana

A wannan shekara ta bikin ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wata kalma da muke ji kullum a rediyo da bakin iyaka, wato kishin ƙasa. Bahaushe yana da kishi iri biyu. Akwai kishin maigida mai gyara katangarsa kafin damina. Akwai kuma kishi irin na kishiya, wanda ba ya barin mai shi ya yi barci sai ya ga ɗan'uwansa a waje. Dukansu kishin ƙasa ake kiransu, amma mu da muke ci daga tafiya mun san bambancinsu a jikinmu.

Kakanninmu sun iso Wagadugu tun kafin Faransa ta ci ƙasar Mosi a 1896. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Wasu suka yada zango a nan ƙarƙashin inuwar Mogho Naba, suka yi aure, suka gina masallatai, har unguwar ta samu sunan Zangwetin. A lokacin ba a tambayar fatake takarda. Amana ake tambaya.

Bayan samun 'yanci ne muka fara ɗanɗana kishi na biyu. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Dubban ɗaruruwan mutane suka kama hanya: Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa da Mosawa. Cikinsu akwai waɗanda aka haifa a zangon Kumasi, ba su san wani gari ba sai shi. An sayar da gidaje da rumfuna a kuɗin banza, gonakin koko kuma suka rasa ma'aikata.

Shekara 14 bayan haka sai reshe ya juya da mujiya. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta Najeriya ta kori baƙi marasa takarda, kimanin miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Ghana. Wannan kuwa ya faru ne shekara huɗu kacal bayan ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a Dakar, a 1979, cewa ɗan yankin zai iya shiga kowace ƙasa cikinsu ya zauna kwana 90 ba biza. A Kodebuwa ma, da aka shigo da maganar wane ne ɗan ƙasa na asali a zamanin Bedie, an kori dubban manoma 'yan Burkina daga yankin Tabu a 1999, kuma bayan shekara uku ƙasar ta faɗa yaƙi. Duk waɗanda suka yi waɗannan ayyuka cewa suka yi ƙasarsu suke kishi. A wurare ukun nan babu inda korar baƙo ta cika tukunyar ɗan gida.

Kishi na farko ma mun gan shi, a nan gida. A ranar 4 ga Agusta 1984 Thomas Sankara ya canja sunan ƙasar nan daga Haute-Volta. An ɗauko Burkina daga Mosanci, Faso daga Julanci, ƙarshen kalmar Burkinabe kuma daga Fulatanci, don kowa ya ga kansa cikin sunan. Ya ce mu sa Faso Dan Fani da matanmu suka saƙa da audugarmu, mu ci abin da muka noma. Wasu 'yan kasuwa masu shigo da kaya sun ji jiki a lokacin, amma masaƙa sun samu aiki, kuma ba a ɗora wa baƙo laifin talaucinmu ba. Nauyin a kan ɗan ƙasa aka ɗora shi.

A nan bambancin yake. Mai kishin gaskiya yana tambayar kansa me ya yi wa ƙasarsa. Mai ɗayan kishin yana neman wanda zai kora.

Yau da Burkina da Mali da Nijar suka fita daga CEDEAO a Janairu 2025, za a riƙa tambayarmu inda zuciyarmu take, tunda harshenmu ɗaya da mutanen Maraɗi da Kano. Amsarmu tana cikin aikinmu. Mu 'yan Burkina ne. Mu biya kuɗin duwan yadda doka ta ce, kada mu bi da kaya ta ɓarauniyar hanya, kada mu ɓoye hatsi don ya yi tsada, kada motarmu ta ɗauki abin da zai cuci ƙasa. In kuma baƙo ya sauka a rumfarmu, ko daga Tamale ko daga Jibiya, mu ba shi ruwa da tabarma, domin gobe ɗanmu ne baƙo a garinsu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya tsare matafiyanmu. Amin.