Tarihin Filin Jirgin Saman Kaduna

An buɗe filin jirgin saman Kaduna a 1982, a arewa maso yammacin birnin. Matafiyi daga Unguwar Romi sai ya haye kogin Kaduna ya bi ta Mando kafin ya isa. Jigilar alhazai da zirga-zirgar Legas su ne jigon aikinsa, domin kusancin Abuja ya daɗe yana janye masa fasinjoji.

Kakarsa ta yanke saƙa a Maris 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkato jiragen zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin waje sun ƙi zuwa, sai Ethiopian Airlines. Harin 'yan bindiga na Maris 2022 ya sa jiragen fasinja suka ƙaurace wa filin na tsawon watanni.