Gurguzu, Jari-Hujja da Hukuma: Tarihin Wata Muhawara a Nijeriya ta Arewa, 1945–1988

Gabatarwa

Tsakanin shekarar 1945 da ta 1988 an yi doguwar muhawara a Nijeriya a kan tafarkin da ya kamata tattalin arzikin ƙasa ya bi. Wasu suka ce gurguzu, wasu suka ce jari-hujja, wasu kuma suka ce a gauraya biyun. An yi wannan muhawara a zaurukan jami'o'i, da shafukan jaridu, da dandalin laccar jam'iyyu, har da bakin ƙofofin masaƙu. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun muhawarar kamar yadda ta gudana a Arewa, a kuma nuna cewa abin da aka fi yin jayayya a kansa shi ne hukuma, wato wane ne yake riƙe da ita, kuma wa take yi wa aiki. Batun ikon ma'aikata su da kansu, wanda a littattafan masu gurguzu shi ne gishirin zancen, bai sami kulawar da ta dace da shi ba, kuma sakamakon wannan sakaci ya fito fili a ƙarshen zamanin da ake magana a kai.

Kalmomin muhawarar

Ya kamata a fara da kalmomin, domin Bahaushe bai ari sunayen waɗannan aƙidu daga Turanci ba, shi ya raɗa musu suna. Kalmar jari-hujja ma'anarta a fili take: tsari ne wanda jarin mutum shi ne hujjarsa, mai dukiya shi ke da ta cewa. Ita kuwa gurguzu tsohuwar kalma ce. Ana kiran ƙwayar irin yakuwa da ita, haka kuma ana amfani da ita ga abin da jama'a suka yi a taru, ba tare da an ware na wane da na wane ba. Duk sunayen biyu suna ɗauke da ɗan zambo. Na farko yana zargin mai kuɗi da danniya, na biyu kuma yana iya sa mai sauraro ya ɗauka za a haɗa gonarsa da ta maƙwabcinsa a raba. Masu adawa da gurguzu sun ci moriyar wannan fahimta ƙwarai, suka riƙa cewa tsari ne da bai san mallaka ba, bai san gado ba, bai kuma san addini ba. Saboda haka 'yan siyasar Arewa masu ra'ayin sauyi suka fi son wasu kalmomi dabam, irin su sawaba, da 'yanci, da adalci, da zalunci, da talaka.

Ma'aikaci da talaka

A watan Yuni na 1945 ma'aikatan gwamnati suka shiga yajin aikin gama-gari wanda ya ɗauki kwana 44, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda Michael Imoudu ya yi suna wajen jagorancinsu, su ne ƙashin bayan yajin, don haka ya taɓa garuruwan da reluwe ta ratsa, kamar Kaduna da Zariya da Kano. Bayan shekara 4, a ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Waɗannan abubuwa biyu sun koya wa ma'aikata cewa babban ubangidansu, kuma babban abokin karawarsu, ita ce gwamnatin mulkin mallaka, domin ita ce ke da reluwe da gidan waya da tashar jiragen ruwa da ma'adinin kwal.

To amma a Arewa masu aikin albashi 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta su da manoma da masu sana'a. Wannan ne ya sa lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sanarwarta ta Sawaba ta raba al'umma gida biyu ta wata hanya dabam da ta Karl Marx. Ta yarda akwai gwagwarmaya tsakanin azuzuwan jama'a, sai dai ta ce tsakanin masu riƙe da En'e ne da talakawa. Shi kuwa talaka, a Hausance, ba lalle ne ya zama matalauci ba. Duk wanda ba ya cikin sarauta talaka ne, ko da yana da rumbuna da shanu. Magoya bayan NEPU sun haɗa da teloli, da mahauta, da 'yan tireda, da malaman zaure, da ƙananan 'yan kasuwa, mutanen da kowannensu yake da ɗan jarinsa kuma ba ya son a taɓa masa shi. Kukansu shi ne haraji da jangali, da aikin tilas, da kotun alƙali wadda take ƙarƙashin sarki, da 'yan doka. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, da yake malamai ne, sun fi kafa hujja da manufofin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a littafinsa Kitab al-Farq ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Ke nan tun daga tushe abin da talakan Arewa yake nema shi ne a sassauta hannun hukuma daga wuyansa, alhali kuwa ɗan ƙwadago na birni yana neman hukuma ta ƙara masa albashi.

Hukuma mai jari

Su ma waɗanda suka riƙe mulki ba su taɓa barin kasuwa ta yi yadda ta ga dama ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 hukumomin ciniki ne kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga zuwa waje. Su ke yanka farashin da za a biya manomi, wanda galibi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuma ta shiga baitulmali. Daga 1954 wannan iko ya koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Da irin wannan rara aka yi hanyoyi da makarantu, aka kuma zuba jari a masana'antu, ciki har da masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake alfahari da ita, alama ce ta wannan tsari: gumin manomi ne, amma hukuma ce ke da hukunci a kansa, dillalai masu lasin kuma suna cin nasu rabo a tsakani.

Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, hannun gwamnati ya ƙara tsawo. Dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa kamfanonin waje sayar da wani kaso na hannun jarinsu ga 'yan ƙasa. Masu goyon baya suka kira wannan 'yancin tattalin arziki. Masu ra'ayin gurguzu suka ce an dai sauya wa tuwo suna ne, domin waɗanda suka sayi hannun jarin manyan ma'aikatan gwamnati ne da attajirai masu hanyar samun rancen banki. Ita kanta ƙungiyar ƙwadago ba ta tsira ba. Bayan binciken kwamitin Adebiyi, gwamnatin soja ta haramta wa wasu shugabannin ƙwadago, ciki har da Imoudu, riƙe muƙami a 1977. A 1978 ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42 a ƙarƙashin uwa ɗaya, wato NLC, aka kuma riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Wannan ya ba ƙungiyar ƙarfi da kuɗin da ba ta taɓa samu ba, sai dai duk abin da doka ta gina, doka tana iya rushe shi.

Tsarin mulkin 1979 da gwajin PRP

An kai ƙololuwar muhawarar a lokacin rubuta tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyu. Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta daftari a watan Oktoba 1975 a ƙarƙashin Rotimi Williams. Mutum biyu daga cikin wakilan, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dokta Segun Osoba na Jami'ar Ife, dukansu masana tarihi, suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu. Hujjarsu ita ce, 'yancin jefa ƙuri'a ba shi da wani amfani ga mutumin da ba a tabbatar masa da ilimi da lafiya da aikin yi ba, kuma tsarin da ake kira gauraye hanya ce ta kwashe dukiyar jama'a zuwa aljihun 'yan tsiraru. Masu rinjaye suka amsa da cewa Nijeriya ƙasa ce ta 'yan kasuwa tun fil'azal, kuma bai kamata a ɗaure al'umma da aƙida ɗaya a cikin tsarin mulki ba. A ƙarshe aka yi sulhu irin na jeka-na-yi-ka. Babi na biyu na tsarin mulkin 1979 ya ɗora wa gwamnati kula da manyan sassan tattalin arziki da hana taruwar dukiya a hannun 'yan kaɗan, amma aka hana kowa kai ƙara kotu idan gwamnati ta ƙi cikawa.

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci kujerar gwamna a jihohin Kano da Kaduna. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa suka soke haraji da jangali da hawansu mulki, wato suka biya buƙatar da talakawa suka yi shekara kusan 30 suna nema. A 1980 gwamnatin Kano ta mai da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. An kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a Kano. Duk da haka, gwajin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Taɓo masu bin Malam Aminu da 'yan Santsi masu bin gwamnonin biyu da Imoudu, kuma musabbabin rikicin shi ne hulɗar gwamnonin da takwarorinsu na wasu jam'iyyun adawa. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, ta kuma tsige shi a watan Yuni 1981. A ranar 10 ga Yuli na wannan shekara aka yi tarzoma a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu 1983, sojoji kuma suka kifar da jamhuriyar a ranar ƙarshe ta shekarar.

Abin lura a nan shi ne, dukan nasarorin PRP daga ofishin gwamna suka fito. Ba a kafa ƙungiyoyin manoma masu cin gashin kansu ba waɗanda za su iya tsayawa ko da gwamna ya faɗi. A wannan zamani kuwa, yajin aikin da NLC ta yi a watan Mayu 1981 a ƙarƙashin Hassan Sunmonu shi ne ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi na naira 125. Wannan ƙarfin ma'aikata ne na gaskiya, amma iyakarsa masu albashi. Manomi da ɗan dako da mai tura baro ba su cikin lissafin.

Janyewar hukuma

Faɗuwar farashin man fetur daga farkon shekarun 1980 ta kawo ƙarshen zamanin hukuma mai yalwa. A 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kafa kwamitin muhawarar siyasa a ƙarƙashin Dokta Samuel Cookey. Kwamitin ya zagaya ƙasa, ya miƙa rahotonsa a watan Maris 1987, inda ya ba da shawarar Nijeriya ta rungumi gurguzu. Gwamnati ta ƙi wannan shawara, kuma ko kafin rahoton ya iso ta riga ta kama wata hanya. A 1986 ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta karya darajar naira, ta rushe hukumomin ciniki. A 1988 ta kafa dokar sayar da kamfanonin gwamnati, a shekarar kuma ta rushe shugabancin NLC na Ali Ciroma ta naɗa kantoma. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka dogara da kariyar kwastan da wutar lantarkin gwamnati, suka shiga durƙushewa sannu a hankali, har manyan na Kaduna suka rufe a shekarun 2000, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ɓangarorin biyu sun yi tarayya a abu ɗaya ba tare da sun ankara ba. Mai jari-hujja na Nijeriya da hukuma ya dogara wajen samun lasin da kwangila da rance, mai gurguzu kuma yana jiran ranar da hukumar za ta faɗo hannunsa ya gyara ƙasa da ita. Masu suka ga gurguzu suna da gaskiya da suka ce kamfanin gwamnati ba dukiyar ma'aikata ba ne, tun da ma'aikaci ba shi da ta cewa a kan yadda ake tafiyar da shi. Su ma masu suka ga jari-hujja suna da gaskiya da suka ce kasuwar da aka sake ba ta tausayin mai rauni, kuma tarihin masaƙu ya shaidi haka. Tambayar da aka bari ba a amsa ba ita ce yadda manomi da mai sana'a da ma'aikaci za su mallaki ƙungiyoyin da ba gwamna ne ya ba su ba, ba kuma dokar soja ce ta haife su ba. Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da tarihi a nan. Ya kamata a tattara laccocin NEPU da PRP, da waƙoƙin siyasa, da bayanan tsofaffin ma'aikatan reluwe da masaƙu tun suna raye, domin a gano yadda su kansu suka fahimci gurguzu da jari-hujja a cikin harshensu.